Muhawara: Da gaske tsuntsu yana yi wa dage jagora zuwa zuma?

Malam Sani: A shirin namun daji na daren jiya an nuna wani ɗan tsuntsu yana tashi daga reshe zuwa reshe yana kuka, dage na biye da shi har bakin kogon da ƙudan zuma suke. Dagen ya fasa kogon ya sha, tsuntsun ya sauko ya ci kakin da ya rage. Ni dai na gaskata, tunda da idona na gani.

Hajiya Binta: Malam, abin da idonka ya gani hotuna ne da aka yanka aka haɗa, kuma ba a gaya mana ko dagen na daji ne ko wanda aka raina a hannu ba. Dage yawanci da dare yake yawo, tsuntsun kuwa da rana.

Malam Sani: To, Hajiya, ai mutane ma yana yi musu jagora.

Alhaji Kabiru: Wannan kam ba a musu a kansa. A binciken da aka wallafa a 2016, wanda aka yi a dajin Niassa na Mozambik, an gano cewa idan masu ɗibar zuma 'yan ƙabilar Yao suka yi wani kira na musamman da suka gada, damar samun zuma tana tashi daga kashi 17 zuwa 54 cikin ɗari. Su ke turara hayaƙi su sare bishiyar da gatari, tsuntsun kuma ya samu kaki ba tare da ƙudan zuma sun harbe shi ba. Amma wannan hujjar mutum ce, ba ta dage ba.

Hajiya Binta: Kuma a 2023 an tambayi masu ɗibar zuma kusan 400 a ƙasashen Afirka daban-daban, mafi yawansu suka ce ba su taɓa ganin tsuntsun yana yi wa dage jagora ba.

Malam Sani: Kin bar rabin zancen, Hajiya, domin a Tanzaniya da dama sun ce sun gani, har da 'yan ƙabilar Hadza, waɗanda daji ne gonarsu da kasuwarsu. Rashin kyamara a hannunsu ba ya soke shaidarsu.

Alhaji Kabiru: Ba ya sokewa, Malam. Sai dai ganin su biyu a gindin bishiya ɗaya bai nuna wanda ya kai wani ba. Mai yiwuwa tsuntsun ne yake bin dage domin ya samu ragowa.