Abin da tsofaffin ɗalibai suka faɗa wa sababbin zuwa Jami'ar Madina

A zaman da Hausawa ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina suka yi da ƙannensu sababbin zuwa bayan sallar isha'i, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta jarrabawar tantance matakin Larabci. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, ana tura shi Ma'ahadin koyar da harshe kafin ya shiga kulliya, wato tsangayar da zai yi karatunsa, kuma yayyen sun haɗu a kan cewa wannan ba abin kunya ba ne, domin mutum yana iya haddace matanin nahawu a zauren malaminsa a Kano ko Damagaram, ya zo nan ya kasa bin malamin da ke zuba bayani da sauri. Wani ya ce makonsa na farko littafi kawai yake buɗewa yana gyaɗa kai.

An ja kunne sosai a kan fashin aji, saboda wanda ya rasa fiye da kashi 25 cikin 100 na darussa ana haramta masa zama jarrabawar ƙarshe, kuma yawanci kwanan zaune a Masallacin Annabi ke jawo makarar safe. Mako yana farawa ne ranar Lahadi.

Sauran kuwa a gurguje aka bi su: a kammala gwajin asibiti da takardun iƙama (izinin zama a ƙasar) da wuri, a riƙe ɗan guzuri domin alawus ba ya fitowa nan take, sannan a yawaita shan ruwa, don zafin bazara yakan haura digiri 40. Batun zama ɗaki ɗaya da ɗan gida ne kaɗai aka yi saɓani a kansa, kuma ni ina tare da masu cewa maƙwabcin da ba ya jin Hausa ya fi saurin sa harshen mutum ya saki da Larabci.