Wane suna za mu ba tsofaffin finafinan ziyarar sarakuna?

1. Jama'a, a taimaka min da kalma. Ina rubutu kan finafinan da aka ɗauka tun kafin fim ya fara magana a 1927, irin na hawan dabar Delhi a Disambar 1911, lokacin da Sarkin Ingila Joji na Biyar da Sarauniya Meri suka je Indiya. Turawa na ce wa irinsu dokumentari. Mu fa?

2. Wani ya ce "fim ɗin gaskiya". Ban gamsu ba. An dai ɗauki abin da ya faru, amma wa ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya? Sarki yana zaune can sama ƙarƙashin rumfa, sarakunan Indiya na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kai gaisuwa. An shirya wannan ne don mutanen Landan su ga girman daularsu. Haka da Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila ya zo Kano a 1925, zamanin Sarki Usman, aka yi masa hawan daba. Dawakin namu ne, labarin nasu.

3. Wata 'yar'uwa ta kawo "fim bebe". Gajere ne, ya zauna a baki, sai dai ina gudun ya zama gori ga masu lalurar. "Marar sauti" kuma bai yi daidai ba, domin ba shiru ake kallonsu ba. Akwai masu kiɗa a zauren, wani lokaci har da mai bayani. Magana ce kawai babu a cikin fim ɗin, sai rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna.

4. Sai wani dattijo ya ce, ranka ya daɗe, kun manta da majigi? Nan ya kashe bakina. A da, mota kan zo gari bayan isha'i, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mai sharhi yana fassara da Hausa. Abin da gwamnati ke so a gani shi ake haskawa. Dama kalmar tana ɗauke da wannan ƙamshin.

5. Don haka na tsaya kan "majigin gani da ido", in ana son bambancewa a ƙara "marar magana". Mai wadda ta fi wannan gajarta, bismillah, kafin Juma'a zan miƙa rubutun.