Gasar miliyoyi ta tele: ilimi ce ko caca?

Mai Shayin Zariya: Salamu alaikum 'yan fada. Gardamar jiya a kan Qui veut gagner des millions, shirin tele da ake amsa tambayoyi a ci kuɗi, ba ta ƙare ba, kuma ina nan a kan bakata: caca ce aka sa wa babbar riga. Amsa huɗu ake jera wa mutum ya nuna ɗaya. Ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba yana iya dacewa.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sau ɗaya yana iya dacewa, ɗaya cikin huɗu ke nan. Amma tsarin asali, wanda aka fara a Ingila a 1998, tambaya 15 ne, kowace ta fi ta baya wuya. Mai canki-canka kafin ya haye dukansu, damarsa ɗaya ce cikin fiye da biliyan guda. A Najeriya an fara shirin a 2004 tare da Frank Edoho a matsayin mai tambaya, sai 2009 Aroma Ufodike ya ci naira miliyan 10. Da sa'a ce kawai, ai da har yau ba wanda ya ci.

Mai Shayin Zariya: To taimakon nan uku fa, Malam? A cire maka amsa biyu, ko ka kira aboki, ko ka tambayi 'yan kallo. Ilimin wa ke nan?

Malamin Lissafi: Sanin lokacin da za ka kashe su shi ma ilimi ne. Wanda ya ƙone su tun kafin tambaya ta 5, ya hau sama hannu rabbana. A tsarin asali akwai tudun tsira a ta 5 da ta 10, inda kuɗin da ka kai ya zama naka ko ka faɗi daga baya, kuma kana iya cewa na tsaya, ka tashi da abin da ka tara. Inda na yarda da kai: ba kai ke zaɓen tambaya ba. Likita na iya faɗuwa a kan ƙwallon ƙafa.

Hajiya ta Bagalam: 'Ya'yana, duk kujerar kuke kallo, ni ƙofar shiga nake kallo. Wanda ke zaune gaban mai tambaya bai zuba ko dala ba, wannan na yarda. Amma ɗana ya ƙarar da kiredin jika uku yana aika saƙo wata gasa irin wannan, wai za a zaɓe shi. Ba wanda ya kira shi. Dubban mutane su biya, a zaro ɗaya, mene ne sunan wannan?

Malamin Lissafi: Hajiya, nan kam ba ni da ta cewa. A Ingila ma da farko ta kiran waya mai tsada aka riƙa neman shiga.

Mai Shayin Zariya: Ka ji ko!

Malamin Lissafi: Ƙofar na sallama, ban sallama kujerar ba.

Hajiya ta Bagalam: Ku kai wa liman maganar bayan isha'i. Amma ku gaya masa har da batun saƙon, kada ku tsaya kan tambayoyi 15 kawai.