Za mu sauka Landan da Hajiya, mu wuce Yok a ranar ko mu kwana?

Maman Ikram: Salamu alaikum jama'a. In sha Allah watan Disamba zan kai Hajiyarmu hutu Ingila, ƙanena na karatu a garin Yok da ke arewacin ƙasar. Da safe za mu sauka Landan, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Mu wuce a ranar ko mu kwana ta huta? Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ban shawara.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ku wuce kawai, awa 2 ne a jirgin ƙasa daga tashar King's Cross. Kina fitowa tashar Yok ga ganuwar gari a gabanki, wallahi Kano ta tuna min, har hawa ake yi a zagaya.

Maman Ikram: Malam gwiwa fa na ce.

Baban Hanif: 'Yar'uwa ni dai ki ji abin da ya same ni. Tun daga gida na yanki tikiti mai araha fam 35, ashe na jirgi ɗaya ne tak, layin duba fasfo ya cinye min kusan awa 3, ina zuwa jirgi ya tafi aka ce sai sabo, sama da fam 100 na biya ina ji ina gani. Na isa ƙarfe 4 gari har ya yi duhu, ga ruwa, ina jan akwati kan duwatsun lungun Shambles sai taya ɗaya ta fita, yatsuna sun sandare ko waya na kasa dannawa.

Anti Lids: Fam 100 kuma? Ni 60 na biya a ranar.

Baban Hanif: Ke da kike zaune can da katin ragi Anti, ai ba ɗaya kuke da baƙo ba.

Anti Lids: To shawarar mazauni za a bi ko ta wanda ya zo sau ɗaya? Maman Ikram masallaci na Bull Lane, ki sa ƙanenki ya kai ku.

Ɗan Fagge: Ba a shiga Ingila da nama fa, kilishin ku bar min amana 😂

Ummu Sadik: Ku da kuka samu biza ma kenan. Sau biyu ana hana ni, duk takardun banki na kai, kuma ko sisi ba a mayarwa.

Baban Hanif: Ai wannan kuɗin ya fi na tikitin ciwo. Ta hannun ejan kika cike ko da kanki?