Hunturu ya gagare ni, ku taimaka da shawara

Jama'a, sallama. Ina haɗa 'yan wasa don wani filin wasan yara a nan Garwa, kowa da yanayin da zai fito a matsayinsa. Damina na da koren zane da tulu, tana yayyafa wa yara ruwa. Kaka na ɗauke da damin dawa, Bazara kuma jar riga da mafici. Waɗannan sun zauna. Hunturu ne ya hana ni barci.

Da farko na shafe yaron da toka, na ba shi garin alli yana watsawa kamar hazon nan da ke taso mana daga Bodele ta Chadi. Yara suka kama tari, wata uwa ta wanke ni tas. Na naɗe shi da bargo da hular sanyi, a zafin Afrilun nan da ke haura digiri 40. Ko minti goma bai yi ba jiri ya ɗebe shi. Na mai da shi tsoho mai faso da busasshen leɓe, riƙe da kwalbar man kaɗanya, ƙananan suka ce mahaukaci ne, suka watse da kuka.

Tela na jirana, kuɗin yadi ya kusa ƙarewa. Wace shiga zan yi masa wadda yaro na gani zai ce "Hunturu!", ba ƙura, ba bargo?