Ga mai, ga riɗi, me ya sa talauci bai sake mu ba?

Manomi daga Gagarawa:
Assalamu alaikum. Jama'a, a fahimtar da ni. Tun 1958 Najeriya ke sayar da ɗanyen mai, ga riɗi da zoɓo ana lodinsu tirela-tirela daga Maigatari zuwa Legas, amma ƙauyukanmu ko asibitin kirki babu. Ina kuɗin ke maƙalewa?

Malamin lissafi, Gumel:
Wa alaikumus salam, Baba. Man nan bai kai yawan da ake zato ba. Ana haƙo wajen ganga miliyan 1.5 a rana. A ce ganga dala 70, dala miliyan 105 ke nan. Raba wa mutum sama da miliyan 200, kowa zai tashi da wajen rabin dala, tun ba a cire kuɗin haƙowa da kason kamfanoni ba. Norwe tana haƙo abin da ya ɗara namu, mutanenta kuwa miliyan 5.5 ne, kuma tun 1990 ta kafa asusun ajiya. Mu ma an buɗe asusun rarar mai a 2004, sai dai an yi ta rabe shi. Da farashi ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa wajen 30 a farkon 2016, albashi ma sai da ya gagari jihohi da dama.

Dattijo daga Ɗambatta:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ɓarnar ta wuce rabo. Da dala ta kwararo a shekarun 1970, naira ta yi ƙarfin da ya fi ƙarfin manomi: shinkafa da alkamar waje suka yi arha, gyaɗarmu da audugarmu suka yi wa masu saye a waje tsada. Masana na kiran wannan cutar Holan, saboda irin haka ta faru da mutanen ƙasar Holan bayan sun samu iskar gas. Ga farin 1973, ga ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati na Udoji a 1974 da ya ja samari birni, ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba.

Sannan gwamnatin da ke jiran kason Abuja duk wata ba ta buƙatar aljihun talaka, shi ya sa kukansa bai cika damunta ba. Kuɗin da ba daga hannunka aka karɓa ba, da wuya ka bi sawunsu.

Ɗan kasuwar Dawanau:
Baba na Gagarawa, batun riɗi ya fi kusa da kai. Kusan rabin ƙwayarsa mai ne, amma a Japan, Sin da Turkiyya ake sarrafa shi, ribar a can take. Zoɓo ma ɗanye yake tafiya Meziko. Nan kuwa matsar mai da injin dizal ba ta fitar da kuɗinta.

Manomi yana sayarwa da kaka don bashin taki ya matso, lokacin da kasuwa ta cika. In an kakkaɓe riɗin a ƙasa, yashi ya shiga, dillali ya zaftare farashi. In an ɗura a buhu da sauran laima, sai ya yi fumfuna. A kakkaɓe a kan tamfol, a sheƙe, a shanya ya bushe ƙarau, a jera buhunan a kan katako nesa da bango. In mutum goma suka haɗa kayansu suka cika mota, kamfanin da ke fitarwa suke yi wa ciniki kai tsaye, ba ɗan tsakiya ba.