Masu Kwanar Hagu da Masu Fuka-fuki: Musayar Baiti

Bakanike:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya ƙanwarmu 'Yar Monako ta ce tseren NASCAR na Amurka ba tuƙi ba ne, wai mutum ya murɗa sitiyari hagu ya yi ta zagaye awa uku, tuƙi na gaske sai a Formula 1. Da maganar na kwana. Wanda ya ji haushi ya rama da baiti.

Da sunan Allah nake buɗe baiti,
Ya ba ni basira in faɗi gaskiya.

Ƙanwata kin ce hagu kurum muke sha,
Zo Daytona ki ga kwana mai wuya.

Titi ya karkace digiri 31,
Mai hawa da ƙafa ma sai ya sha zamiya.

Mota 40 a dunƙule kamar tururuwa,
Hanci na shafar gindi, taya na gogar taya.

Gudu ya doshi mil 200 a awa,
Tazarar tsakani ba ta kai tsawon tsintsiya.

Na gaba ke fasa iska da ƙirjinsa,
Mai bin sa ya laɓe, ya sha inuwa a baya.

In ya tara ƙarfi ya fito zai wuce,
Ba mai tura shi? Layi ya bar shi shi ɗaya.

Junior Johnson ya gano dabarar a 1960,
Da mota mai rauni ya riga su ƙare tafiya.

Zagaye 200, mil 500 cur,
Ɗaya ya kuskure, rabin ayari ya zube a hanya.

'Yar Monako:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Yaya. Riƙe wannan.

Yaya na bi baitinka har ƙarshe,
Ka yi ta zagaye kamar motar Daytona.

Ƙafar totur kurum kuka bai wa aiki,
Birki ya yi tsatsa, ya yi barci ya kwana.

Zo Monako inda tsere ke ratsa gari,
Tun 1929 titin nan ya yi suna.

Kwana 19 a kilomita 3 da 'yan kai,
Sau 78, shingen ƙarfe na jira a kowace kwana.

Ka fito daga rami mai duhu a guje,
Ido bai washe ba ka yi karo da rana.

A Monza ta Italiya in an taka birki, kai ya ninka nauyi sau 5,
Wuyan da bai sha horo ba ya shiga uku, ba magana.

Tayoyinmu tsirara suke, ba bodin da ya rufe su,
Taya ta hau taya, sai tashi sama, sai ƙuna.

Shi ya sa muke wuce juna da lissafi,
Ku kuwa tunkuyi kuke yi kamar raguna.

Fuka-fukinmu ba na tashi ba ne,
Iska suke kamawa, su danna mota ta zauna.

Yayyafi ya sauka a Daytona sai jan tuta,
A lulluɓe motoci, a jira fitowar rana.

Mu ko ana yi kamar da bakin ƙwarya a tuƙa,
Sau 6 ya ci Monako, tambayi labarin direba Senna.

Tsohon Direba:
'Yata, Allah ya yi miki fasaha, amma kin yi wa birki ƙazafi, ni kuwa shekarun da na yi a kan sitiyari ba za su bar ni in yi shiru ba.

Kin ce birkinsu ya yi tsatsa 'yata,
Je Martinsville ki ga yadda ake cin birki.

Rabin mil ne duka, da kwana biyu matsattsu,
Zagaye 500, sau 1,000 ƙafa na kan aiki.

Faifan birki ya yi ja kamar garwashi,
Ki hango shi ta cikin taya ki yi mamaki.

Motarsu ta kusa ninka taku nauyi,
Tsayar da giwa daban da tsayar da doki.

Wanda ya ci a ba shi agogo dogo,
Mai tsayin mutum, ya kai gida ya kafa a ɗaki.

Asalin abin ma ba na masu kuɗi ba ne,
'Yan fasa-ƙwaurin giya ne, masu tsere wa masu kaki.

Su ƙara wa inji ƙarfi, bodi kamar na kowa,
Ranar hutu su gwada wa ya fi, abu ya zama biki.

Bill France ya kafa musu ƙungiya a 1948,
Ana tsere a gaɓar teku, yashi na shiga baki.

Richard Petty ya ci sau 200,
Mai lamba 43, har gobe shi suke kira Sarki.

Giyar sha nake nufi, Allah ya tsare mu, kada wani ya ɗauka giyar mota suke fasa-ƙwaurinta.

Bakanike:
Allah ya ƙara girma Kawu. To ƙanwata, mu koma Monakon da kike tinƙaho da ita.

A 2024 na zauna kallon Monako,
Goman farko yadda suka tashi haka suka ƙare a jeri.

Ba wanda ya ƙwace gurbin wani a cikinsu,
Wannan tsere ne ko kai amarya cikin gari?

Tun Asabar aka gama rabon matsayi,
Lahadi kuwa sai bin sahu na ayari.

Mutum kusan 20 ke jiran mota ɗaya,
Daƙiƙa 2 sun canja taya, wai su ga masu sauri.

Mu mutum 5 ke tsallake katanga,
Da jak a hannu, tulun mai a kafaɗa, ga ƙoƙari.

Injiniya ke cin gasarku a kwamfuta,
Direba ya ɗaga kofi, shi ya sha kirari.

'Yar Monako:
Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

Na amsa, Monako ta yi wa motocin yau ƙunci,
Gaskiya ko daga Yaya ta fito ba a ƙin karɓawa.

Amma je Spa ta Beljiyam, kilomita 7,
A Eau Rouge ka hau tudu, sama kurum kake hangowa.

Gefe guda na titin rana na haskawa,
Gefe guda kuma ana tsuga ruwa.

Namu sun zo da'irarku sun gwada,
Jim Clark ya ci Indianapolis a 1965, ba mai hanawa.

Mansell ya ɗau kambin duniya a 1992,
Ya haye Amurka a 1993, na can ma ya ƙara ɗaukowa.

Naku wa ya zo ya ci mana kambi?
Faɗi sunansa Yaya, ina jiran amsawa.

Bakanike:
A hankali dai.

Motar Clark da ta Mansell ai irin taku ce,
Tayoyi a waje, ba mai rufi suka tuƙa ba.

Ga Montoya ɗan Kolombiya, ya ci Monako a 2003,
Ya ci Indianapolis, gwanintarsa ba a musa ba.

Ya koma NASCAR ya yi shekara 7 cur,
Sau 2 ya ci a babban aji, bai ƙara ba.

Sonoma da Watkins Glen, masu kwanar dama da hagu,
A da'irar NASCAR da kika raina ko sau ɗaya bai ci ba.

Tsohon Direba:
Ku ɗan ɗaga ƙafa daga totur 'ya'yana.

Kun ambaci Senna kun taɓo mini miki,
Akwai rana biyu da zuciya ta ƙi ta manta.

1 ga Mayu 1994 a Imola,
Ajali ya kai Senna katangar kwanar Tamburello, ya bar kwalta.

Can kuma Earnhardt, sau 19 kofin Daytona na kufce masa,
Sai a 1998 ya kama shi ya huta.

18 ga Fabrairu 2001 a wannan fili,
Zagayen ƙarshe, ana shirin kaɗa tuta.

Baƙar mota mai lamba 3 ta daki katanga,
Bugun da ido ya raina, ashe ajali ne aka rubuta.

Bayansa aka tilasta abin riƙe kai da wuya,
Aka sa wa katanga laushi don ta karɓi mota.

Ku kuma kun sa zoben kariya bisa kan direba a 2018,
Albarkacinsa Grosjean a Bahrain ya fito daga wuta.

Mai Zaure:
Allah ya saka Kawu. Tambayar 'Yar Monako dai ba a amsa ta ba, Bakanike ya sha kwana ya bar ta. Ga suna ɗaya: Mario Andretti. Ya ci Daytona 500 a 1967, ya ci Indianapolis a 1969, ya ɗau kambin Formula 1 a 1978. Na wa ne a cikinku? Layi huɗu-huɗu, duka su ƙare da "shi".

'Yar Monako:
Namu ne, Italiya ta haife shi,
Yana yaro Monza ta kama shi,
Ya ga direba Ascari a 1954, abin ya shige shi,
Amurka aro kurum ta karɓe shi.

Bakanike:
A Nazareth ta Pennsylvania aka yaye shi,
Da'irar ƙasa mai ƙura ta horar da shi,
Tsohuwar motar Hudson mai rufi wadda suka gyara da ɗan'uwansa ita ta fara ɗaukar shi,
Ku kun gan shi ne bayan mun gama dafa shi.

Tsohon Direba:
Bakanike, layinka na uku ya yi lodi fiye da kima, har taya ta yi faci. Shiga gareji ka sauke kaya ka dawo, 'yata tana nan tana jiran ka.